Sunan da ka saya a intanet, naka ne? Tarihin rigimar masu adireshi da masu tambari

Duk wanda ya taɓa raka babansa ko kawunsa kasuwar dabbobi, a Maradi ne ko Tawa ko Damagaram, ya san ba a biyan kuɗin sa ko raƙumi sai an kewaye shi an duba jikinsa. Bayan ƙiba da haƙora, ana neman shaidar da aka yi masa da wuta ko tsagar kunne. Sannan a tambayi dillali: na wane ne, daga wane garke ya fito, wa zai tsaya in magana ta taso? Dalilin kowa ya san shi. Ranar da mai shaida ya bayyana da mutanensa, kuɗin da ka biya ba za su hana a kwance dabbar daga turkenka ba. Sai dai ka bi wanda ya sayar maka, in ka gan shi.

Na kawo wannan ne saboda wata kasuwa da matasanmu da ƴan kasuwarmu suka fara shiga, wato ta sunayen adireshin intanet, irin masu ƙarewa da .com ko .net ko .ne namu na Nijar. Wani yana saye don ya buɗe wa kantinsa shafi. Wani kuma ya ji ana sayar da suna guda miliyoyin dala, yana so ya ajiye nasa ya jira mai saye. Dukansu suna ɗaukan cewa in an biya, an samu rasit, magana ta ƙare. Tarihin shekara 30 da suka wuce ya nuna ba ta ƙare ba. Rigimar a Amurka da Turai aka yi ta, amma ƙa'idojin da ta haifar suna hawa kan duk wanda ya yi rajistar .com, ko daga Yamai ya yi ta.

Lokacin da fili ba shi da mai shi

A 1983 ne wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya tsara hanyar da za a riƙa kiran kwamfutoci da sunaye maimakon dogayen lambobi. Ranar 15 ga Maris 1985 aka yi rajistar sunan .com na farko, symbolics.com, na wani kamfanin kwamfuta. Kusan shekara 10 bayan nan, ba a biyan ko tamma. Ka aika da buƙata, in ba wanda ya riga ka, an ba ka. Ba mai tambayarka ko sunan na wani kamfani ne.

A 1994 wani ɗan jarida mai suna Joshua Quittner ya lura cewa manyan kamfanoni da yawa ba su san da wannan fili ba. Ya kira McDonald's, kamfanin sayar da abinci, ya tambaye su ko suna da niyyar yin rajistar sunansu. Bai samu gamsasshiyar amsa ba. Sai ya yi rajistar mcdonalds.com da kansa, ya ba da labarin a mujallar Wired. Daga baya ya mayar musu da sunan bisa sharaɗin su ba wata makarantar gwamnati da ke New York dala 3,500 (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa 5 ba) don sayen kwamfutoci. Shi tsokana ya yi, amma masu ido sun ga kuɗi a ciki. Da kamfanin Network Solutions mai kula da rajista ya fara karɓar dala 100 na shekara 2 a Satumban 1995, wannan bai tsayar da kowa ba. Ƴan kama-wuri-zauna suka cika fili.

Tun a nan ya kamata mu gane tushen rigimar. Tambarin kasuwanci yana da iyaka biyu: ƙasar da aka yi masa rajista da kuma irin hajar. Tsarin da yawancin ƙasashe ke bi ya kasa haja da ayyuka gida 45. Saboda haka mai sabulu da mai shinkafa suna iya amfani da suna ɗaya ba faɗa, haka ma kamfanin Kanada da na Kamaru. Adireshin .com kuwa guda ɗaya ne tak a duniya duka. Masu haƙƙi da yawa, ƙofa ɗaya.

Kotuna sun shigo

Wanda ya fi yin suna cikin ƴan kama-wuri-zauna na farko shi ne Dennis Toeppen na jihar Illinois, wanda ya yi rajistar sunayen kamfanoni sama da 100. A ƙarshen 1995 ya kama panavision.com, sunan kamfanin da ke ƙera kyamarorin ɗaukar fim. Don ya samu abin faɗa, sai ya ɗora hotunan wani ƙaramin gari mai suna Pana a kan shafin. Da kamfanin ya rubuto masa, ya ce su ba shi dala 13,000. Suka ƙi, sai ya ƙara kama wani tambarin nasu, panaflex.com. Kotu ta ba shi rashin gaskiya a 1996, ta ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1998. Abin da alƙalai suka duba shi ne sana'arsa: kama sunayen mutane don a fanshe su da kuɗi. Hotunan garin Pana ba su ruɗi kowa ba.

A Ingila ma cikin 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke irin wannan hukunci a kan wani ƙaramin kamfani, One in a Million, da ya tara sunayen Marks & Spencer da British Telecom da Virgin da wasunsu. Ko shafi ba su buɗe da sunayen ba. Kotu ta ce riƙe su da nufin sayarwa ya isa laifi.

Sai dai shari'a tana da tsada, tana cin lokaci, kuma mai tambari yana iya zama a Faransa alhali mai adireshi yana Koriya. Aka ga dole a samo wata hanya.

1999: shekarar ƙa'idoji biyu

A 1998 aka kafa ICANN a Amurka, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet. A Afrilun 1999 hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, OMPI, mai mazauni a Jeniba, ta miƙa mata rahoto. Daga rahoton aka fitar da tsarin warware rigima da ake kira UDRP, wanda aka kammala a Oktoban 1999. Ƙarar farko ta shigo a Disamba, kan sunan wata ƙungiyar ƴan kokawa ta Amurka, aka yanke hukunci a Janairun 2000.

Ƙarfin wannan tsari yana cikin yarjejeniyar nan da muke danna mata "na yarda" ba mu karanta ba. Duk mai rajistar .com ko .net ko .org ya amince ke nan a kai shi gaban masu sasanci. Mai ƙara sai ya tabbatar da abu 3 a haɗe. Na farko, adireshin daidai yake da tambarinsa ko ya yi kama da shi har a iya ruɗewa. Na biyu, mai adireshin ba shi da wani haƙƙi ko halastaccen dalili a kan sunan. Na uku, da mugun nufi aka yi rajistar kuma da shi ake amfani da sunan. In ɗaya ya faɗi, ƙara ta faɗi.

Ba a zuwa ko'ina, a rubuce ake komai. Wanda ake ƙara yana da kwana 20 ya mayar da martani, kuma yawanci da harshen da aka rubuta yarjejeniyar rajista, wanda sau da yawa Ingilishi ne. Mu da muka yi lakwal da Faransanci sai mu riƙe wannan. Mai ƙara ke biyan kuɗin zama, dala 1,500 a OMPI in alƙali ɗaya ne, wajen jika 900 na kuɗinmu. Cikin wata 2 galibi an gama. Masu sasanci ba sa cin tara. Ikonsu shi ne su ƙwace sunan su ba mai ƙara ko su soke shi, kuma kamfanin rajista zai zartar bayan kwana 10 na aiki in ba ka garzaya kotu ba. A 2023 kaɗai OMPI ta karɓi irin waɗannan ƙararraki sama da 6,000.

Ƙa'ida ta biyu dokar Amurka ce da aka sa wa hannu ranar 29 ga Nuwamba 1999. Ita tana cin tara, daga dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna. A 2008 kamfanin waya na Verizon ya samu hukuncin dala miliyan 33 da ɗoriya a kan wani kamfanin rajista da ya kama sunaye 663 masu kama da nasa, dala 50,000 kowane ɗaya.

Mai saye ba ya gadon gaskiyar mai sayarwa

Duk waɗanda na ambata zuwa yanzu su suka kama sunayen da hannunsu. To wanda ya saya da kuɗinsa daga hannun wani fa? Shari'ar madonna.com ta amsa wannan tun 2000.

A Mayun 1998 wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Dan Parisi, ya sayi wannan adireshi dala 20,000 daga wani kamfanin dillancin sunaye. Ƴan kwanaki bayan nan ya yi wa kalmar rajistar tambari a Tunisiya, ya kuma buɗe shafin batsa da ita. Da mawaƙiya Madonna ta kai ƙara OMPI, ya kawo hujjoji masu kama da ƙarfi. Ya ce kalmar tana cikin ƙamus tun kafin a haifi mawaƙiyar, ya ce yana da takardar tambari, ya ce ma yana shirin ba wani asibiti mai wannan suna adireshin kyauta. A Oktoban 2000 masu sasanci suka ƙwace. Sun ce bai iya bayyana abin da ya haɗa ma'anar ƙamus da abin da ya ɗora a shafin ba. Game da takardar Tunisiya kuma, sun ga ba a can yake kasuwanci ba, ya neme ta ne kawai don ta zame masa garkuwa. Dala 20,000 suka tafi, suna ya tafi.

A shekarun da suka biyo baya masu sasanci suka tsaya a kan wata ƙa'ida da ya kamata kowane mai saye ya haddace. In adireshi ya canja hannu zuwa wani baƙo, ana ɗaukan ranar sayen a matsayin sabuwar rajista. Ga misali. Wani ya yi rajistar suna a 2003, lokacin babu wani kamfani mai wannan suna. A 2015 wani kamfani ya fito da sunan, ya yi masa tambari, ya shahara. Mutumin farko yana da kariya mai ƙarfi, don ba a cewa ya yi mugun nufi ga abin da bai wanzu ba. Amma in kai ka saya daga hannunsa a yau, ba za a duba 2003 ba. Za a duba abin da ka sani, ko ya kamata ka sani, ranar da ka biya. Dillali zai yi maka tallar tsufan suna, ya ce shekararsa 20 ba a taɓa ƙararsa ba. Gaskiya ya faɗa, amma wannan kariyar ba ta cikin abin da zai miƙa maka. Kotunan Amurka sun saɓa wa juna a kan wannan batu a ƙarƙashin dokarsu, sai dai a gaban masu sasanci, inda yawancin ƙararraki ke ƙarewa, ƙa'idar ta zauna.

Mai gaskiya ma yana jin jiki

Kada mai karatu ya ɗauka kullum babba ke cin ƙarami. A shekarar da Madonna ta yi nasara, mawaƙin Ingila Sting ya sha kaye a kan sting.com, domin kalmar ta gama-gari ce a Ingilishi kuma ba a tabbatar da mugun nufin mai riƙe da ita ba. Tsarin ma ya ba masu sasanci damar su bayyana cewa mai ƙara ne ya zo da zalunci.

Amma a dubi Uzi Nissan. Sunan gidansu ke nan. Ya yi kasuwanci da shi a Amurka tun 1980, lokacin da motocin kamfanin Japan ɗin nan ake kiransu Datsun a can. A 1991 ya kafa kamfanin kwamfuta, a 1994 ya yi rajistar nissan.com. A Disamban 1999 kamfanin motoci ya maka shi kotu yana neman dala miliyan 10. Aka yi wajen shekara 8 ana shari'a. A ƙarshe ya riƙe adireshinsa, kamfanin ya ci gaba da amfani da nissanusa.com. Amma kotu ta same shi da laifi a wuri ɗaya: ya taɓa ɗora tallace-tallacen da suka shafi motoci a shafin, aka hana shi. Ya ce shari'ar ta ci masa miliyoyin dala. Ya rasu a 2020. Mutum da sunan ubansa ke nan, ina ga wanda ya sayi sunan da ya san na wani ne?

Sai labarin france.com. Jean-Noël Frydman, haifaffen Faransa mazaunin Amurka, ya yi rajistarsa a 1994, ya gina harkar yawon buɗe ido a kai, har ya yi aiki tare da hukumomin Faransa shekaru da dama. A 2015 gwamnatin Faransa ta shiga kotu tana neman sunan. A Satumban 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta ba ta gaskiya, a Maris 2018 kamfanin rajista ya juya adireshin. Ya kai ƙara Amurka, a 2021 kotu ta ce ba ta da hurumin yi wa wata ƙasa shari'a a kan wannan. Shekara 24 na aiki suka wuce a dare ɗaya. Darasin shi ne sunan ƙasa ko na hukuma yana da masu shi, ko da sun daɗe suna shiru.

Akwai kuma kayan sata. A 1995 wani mai suna Stephen Cohen ya aika wa Network Solutions wasiƙar jabu, aka juya masa sex.com daga hannun mai shi, Gary Kremen. Sai a 2000 kotu ta mayar wa Kremen, a 2001 ta yanke masa diyyar dala miliyan 65. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ce adireshin intanet dukiya ce da ake iya sacewa. Yau ɓarayin ba sa rubuta wasiƙa, imel ɗin mai suna suke fasawa su juya, su sayar da gaggawa a farashi mai sauƙi. Araha ba ta ado.

Inda abin ya shafe mu

A wajenmu, rajistar tambari ba a Yamai take ƙarewa ba. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar da tushenta ya faro daga yarjejeniyar Libreville ta 1962, aka sake mata fasali da yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977, mai hedikwata a Yawunde. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 har shekara 10, ana kuma sabuntawa. Wannan yana nufin sunan da ka ga ba kowa a kansa a Maradi yana iya kasancewa na wani kamfani a Dakar ko Abijan ko Duwala, kuma haƙƙinsa ya iso har ƙofar kantinka. Tun 2015 kuma OAPI ta shiga tsarin Madrid, wanda ke ba kamfanin waje damar miƙo tambarinsa yankinmu da takarda ɗaya.

Najeriya ba ta cikin OAPI, tana da rajistarta a Abuja. Ɗan kasuwar da hajarsa ke bin hanyar Jibiya zuwa Katsina da Kano yana bukatar ya duba gefe biyu.

Abin da wannan tarihi ya koyar game da bincike kafin saye ba shi da wuya. A fara neman sunan a rumbun tambura na OMPI da ke intanet, kyauta ne, sannan a tambayi ofishin da ke wakiltar OAPI a Yamai. A nemi har sunayen da suka yi kama da shi, don ƙara harafi ɗaya ko cire shi ba ya fitar da kai. A duba hukunce-hukuncen OMPI, su ma a buɗe suke, a ga ko an taɓa ƙarar sunan ko mai sayarwar. A shiga Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafuka, a ga abin da aka taɓa ɗorawa a kan adireshin: in damfara aka yi da shi ko jabun kaya, baƙin jininsa zai biyo ka. A tabbatar mai sayarwa shi ne mai shi. Wannan ya ƙara wuya tun Mayun 2018, da dokar Turai ta kare bayanan mutane ta sa aka ɓoye yawancin sunayen da ke rajistar WHOIS, saboda haka a sa shi ya nuna ikonsa a kan adireshin a aikace. A rubuta yarjejeniya, ya sa hannu cewa ba ƙara ba gargaɗin lauya a kan sunan, kuma shi zai ɗauki asara in ta fito. Kuɗi kuma a ajiye su hannun amintaccen ɗan tsakiya har sai suna ya shigo asusunka. In cinikin babba ne, kuɗin lauya ba asara ba ne.

Bayan saye ma akwai kiyayewa. Kada a bar kamfanin rajista ya cika shafin da tallar da ta shafi hajar mai tambari, abin da ya ja wa Uzi Nissan ke nan. Kada kuma ka rubuta wa kamfani kana yi masa tayin sunansa da tsada, wasiƙar Toeppen ce ta kashe shi. Ka ajiye duk takardar da ke nuna dalilinka na zaɓen sunan, mai kwanan wata kafin rigima. Takardar da aka nemo don kare kai kawai, mun ga yadda ta ƙare wa Parisi.

Ba ina cewa kasuwar haramun ba ce. Facebook ya biya ƙungiyar manoman Amurka dala miliyan 8.5 a kan fb.com a 2010, an kuma sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019. A dubi waɗannan biyun da kyau: na farko harufan sunan ƙungiyar da ta sayar ne, na biyu kalma ce ta kowa da kowa. Masu sayarwar sun ci riba ne domin ba wanda zai iya nuna shaidarsa a jikin abin da suka kawo kasuwa.

Kalmomin Hausa da sunayen sana'o'inmu suna nan da yawa ba a taɓa su ba, kuma wanda ya gina suna nasa na kansa, ya yi masa rajista a OAPI, shi ne gobe zai zama mai ƙara maimakon wanda ake ƙara. Wanda kuwa ya ga sunan wani babban kamfani ana sayarwa da araha, ya tuna da kasuwar dabbobi. Iyayenmu ba sa cinikin biri a sama. A kewaya, a duba shaida, a tambayi garke, sannan a kwance lalita.